Wa Ya Ci Irin Salatin Gwaggo?

Fangali huɗu ne a jere bayan madafa, a wani gida na ƙasar Tajaye. Hannu ɗaya ya gyara su, taki ɗaya aka zuba musu, rijiya ɗaya suke sha, kuma rana ɗaya aka shuka su, a tsakiyar watan Fabrairu na 2022. Na farko kuɓewa ce, na biyu furanni, na uku albasa don lawashi, na huɗu salati, wato latas. Kafin kwana goma kuɓewa ta fasa ƙasa, furanni ma sun riga ta. Albasa ta yi ta jan ƙafa, daga baya ta fito tsilli-tsilli, ɗaya nan ɗaya can. Fangalin salati kuwa fayau yake, ko ɗigon kore babu. Ana yi masa ban-ruwa safe da yamma, ya yi gum.

Mai fangalin gwaggota ce, kuma ba baƙuwar garka ba ce. A wannan yanki ma wa ye baƙon garka? Daga Tajaye in ka gangara kudu ka faɗa ƙasar Malbaza, inda Galmi take, garin da albasarsa mai jan ɓawo ta kai sunan Nijar kasuwannin Akara da Abijan da Kwatano. Ka karkata yamma, ga Tsarnawa inda buhunan albasa ke jere bakin kwalta suna jiran manyan motoci, ga gandun noman rani na Birnin Ƙonni mai shan ruwan madatsun Mozage da Zango. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, ko matar da ba ta da fadama ta koyi keɓe ɗan wuri a tsakar gida ta zagaye shi da kara. A ƙasa irin wannan, a ce iri ya ƙi fita a hannunka, ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Ba kuma don sha'awa kawai ta yi shukar ba. Azumin shekarar zai kama a farkon Afrilu, kuma duk wanda ya taɓa neman salati a kasuwa dab da shan ruwa ya san yadda kuɗinsa ke tashi. Lissafinta daidai yake: mako uku a reno, wata ɗaya da ɗoriya bayan dashe, kafin azumi ya raba tsakiya tana tsinkar nata.

Kaji aka fara tuhuma, don su ne ba su da mai kare su. Sai dai kaza ba ta ci ba tare da tono ba, ga shi fuskar fangalin sumul, shingen ma ba inda ya ɓule. Aka koma kan tururuwa. Ita kam ɓarauniya ce ta gaske, ba zargi ba, domin takan kwashe irin da aka yafa a dare ɗaya ta kai rami. Amma tana barin sawu: siririyar hanya shararriya, da tarin ƙaiƙayi a bakin raminta. Yara suka bazu nema. Rami ɗaya suka gano, can gindin rumbu, kuma gero ake shigarwa cikinsa.

Faifai ne ya wanke su duka. Matar ɗan Gwaggo ta kankaro ƙasar saman fangalin ta baza a faifai, ta bari ta sha iska, ta zauna tana tonawa da tsinke. Irin salati siriri ne, fari-fari, mai tsini a baki biyu, ba ya ɓuya a cikin baƙin taki. Ga shi nan kuwa birjik. Ya jiƙa, ya ɗan kumbura, bai ruɓe ba, bai kuma fashe ba. Ashe ba a saci komai ba. Iri yana nan inda aka ajiye shi, fita ce ya ƙi yi.

A nan ne wata ƴar uwa ta sassauta murya ta ce ko baki ne. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Bakin da zai tsallake kuɓewa, ya tsallake fure, ya sauka kan salati, ai mai bakin nan ya san ganye." Ba a sake tada maganar ba.

Taki da ruwa ma ba su daɗe a gaban shari'a ba. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, gaskiya ne, amma wannan ya shekara a jibge, ya huce. Ruwa mai kanwa yana barin farin busasshen gishiri a gefen fangali, nan babu. Akwai kuma ciwon da ke kama reno in ruwa ya yi yawa: tsiro ya fito lafiya, sai gindinsa ya sirance ya yi baƙi, ya kife. To amma sai an fito ake kifewa. Kuma duk waɗannan da sun taɓa salati da sun taɓa maƙwabtansa, tunda abinci ɗaya suke ci.

Saura mutum ɗaya, kuma shi kowa ya fi so ya kama: mai sayar da iri. Ba a rasa dalili ba. Irin salati da na shu, wato kabeji, da karoti yawanci a gwangwani ko a takarda yake zuwa daga waje, wani ta Yamai, wani ta iyaka, daga Illelar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni. Ɗan tebur ya fasa gwangwani, ya riƙa auna wa mata da cokali yana ƙullawa a leda, gwangwanin kuma ya yi ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa cikin rana. Mai saye ba ta ga ranar da aka rubuta a jiki ba, ba ta san yaushe aka buɗe ba. Gwaggo ta yanke hukunci: "Matacce yaron nan ya ba ni. Ranar kasuwa zai gamu da ni."

Maƙwabciyarta ce ta ɓata shari'ar. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya, ai ƙulli ɗaya muka saya muka raba. Zo ki ga nawa." Aka zagaya. Nata fangalin ya yi kore shar, har ya matse yana neman a rage shi. Iri ɗaya, mako ɗaya, katanga ɗaya tsakani.

Ɗan Gwaggo, wanda ke aikin albasa a garake wajen Galmi duk rani, ya ce, "Inna, kafin ki je ki yi wa bawan Allah tijara, bari mu tambayi irin da kansa." Abin da yake nufi tsohuwar dabara ce da malaman gona ke koyarwa, ba ta cin ko dala. A ƙirga iri ashirin ko ɗari, a jera kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye, kada a bari ya bushe, bayan ƴan kwanaki a buɗe a ƙirga waɗanda suka fasa. Shi sai ya ƙara abu ɗaya wanda ya zama mabuɗin zancen duka. Ya yi naɗi biyu na ragowar salatin, biyu na albasar. Rabi ya tura gindin randa, cikin yashin nan mai sanyi da ruwa ke tsatsowa a kai. Rabi ya kwantar a fangalin, ya yayyafa ƙasa sama-sama, ana jiƙa shi tare da sauran.

Da aka buɗe, amsa biyu aka samu, ba ɗaya ba. Salatin gindin randa kusan duka ya fid da farar saiwa cikin kwana uku. Ɗan uwansa na fangali ko motsi. Albasa kuwa da ta randa da ta fangali duk kanwar ja ce: ƴan ƙalilan suka fasa, saura suka yi laushi suka yi funfuna. Ashe tun farko laifi biyu aka haɗa a tuhuma ɗaya. Albasa ta mutu tun kafin ta taɓa ƙasa. Salati yana da rai, wani abu ne a fangalin ya riƙe shi.

Ta albasa ba ta da wuya. Wannan irin ba a kasuwa aka saye shi ba, na gida ne, wanda aka girbe a Maris ɗin bara aka ƙulle a leda aka rataye a ɗakin kwano. Irin albasa yana cikin mafi gajeren rai a duk kayan garka; ko an kula da shi, daga shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya soma zubewa. Wani masanin iri na jami'ar Kalifoniya, J. F. Harrington, ya bar wa manoma ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk ƙarin digiri 5 na zafin ma'aji yana raba rayuwar iri biyu, haka ma duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na laimar da ke jikinsa. To a lissafa abin da wannan ƙulli ya gani. Ya sha Afrilu da Mayu a ƙarƙashin kwano, ya sha laimar Agusta. Masu albasar Galmi suna zuba babban renonsu wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin irin yana da sauran ƙarfi. Wanda ya kai Fabrairu ya kusa shekara, sabon kuma yana can kan kara a garake bai nuna ba. Wato ƙarshen ɗari shi ne lokacin da irin albasa ya fi tsufa a duk shekara.

Ta salati ce ta ja gardama. Da ɗan nata ya ce zafi ne, Gwaggo ta yi dariya. "Wane zafi, ɗan nan? Da asuba har wuta muke hurawa. Jiya da bargo na kwana." Kuma ba ƙarya ta yi ba. A nan gizo ke saƙa. Fabrairu a wannan yanki na Adar wata ne mai fuska biyu: da asuba iskar hunturu tana nan da sauran kaifinta, amma da azahar zafin inuwa yakan kai wajen digiri 35, kafin Afrilu ya haura 40. Mutum yana auna lokaci da abin da fatarsa ta ji sa'ad da ya fito alwala. Iri kuwa ba a inuwa yake ba, ba ya kuma cikin bargo. Yana kwance a saman ƙasa, zurfin da bai kai faɗin farce ba, inda rana ta fi duka. Busasshiyar iskar ɗari tana tsotse ruwan safe kafin hantsi ya ɗaga, baƙin taki yana jan zafi, sai wannan ɗan siririn saman ƙasa ya fi iskar da ke kansa zafi nesa ba kusa ba.

Wani jikanta da ke aiki a ɗakin shan magani ya zo da ma'aunin zafin jiki, irin wanda iyakarsa digiri 42. Da asuba aka soka bakinsa a fangalin, bai motsa ba. Da azahar aka sake sokawa, ya tafi har maƙura. Gwaggo ta ɗora bayan hannunta a ƙasar, ta janye, ba ta ce komai ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin ƙwayar. Salati ya fi son tsira tsakanin digiri 15 da 22 ko kusa da haka. In zafin ƙasa ya doshi 30, yawancin nau'o'insa sai su tsaya cak, ko da ruwa ya wadata. Ba mutuwa suke yi ba. Zafin yana sa ƙwayar ta tara wani sinadari mai hana tsiro, kuma masana a jami'ar Kalifoniya da ke Debis, ƙarƙashin Kent Bradford, sun gano ƙwayar halittar da ke kunna wannan aiki. Dabara ce da salati ya gado daga kakanninsa na daji a ƙasashen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya, inda ruwa ke sauka da sanyi, lokacin zafi kuma fari ne. A can, irin da ya ruɗu da ɗan yayyafin bazara ya tsira, rana za ta kashe shi. Wanda ya jira sanyi shi ke barin baya. Salatin Gwaggo bai san akwai mai ɗauko masa ruwa safe da yamma ba. Ya ji zafi, ya yi abin da ya gada. In kuma ya daɗe a jiƙe cikin zafin, barcin nasa yakan yi nauyi, har ko sanyi ya samu ba ya saurin farkawa. Shi ya sa wanda aka tsinto a faifai bai yi abin kirki ba ko da aka kai shi gindin randa.

Wannan bayani ya kuma wanke sauran fangalin daga mamaki. Kuɓewa ƴar zafi ce, ƙasa mai ɗumi take so, a tsakiyar ɗari ma takan yi nawa. Furannin da jikanyar Gwaggo ta samo daga garkar makarantarsu, ziniya da wani mai ruwan ɗorawa da masana ke kira Tagetes, asalinsu ƙasar Meziko ne, ɗumi ba ya ba su tsoro. Na biyun ma ba ado kawai ba ne: saiwarsa tana rage tsutsar ƙasa mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙulle-ƙulle, shi ya sa ya cancanci gefen kowane fangali. Abin da ya tsayar da salati shi ne ya gaggauta su.

Amma da sauran rina a kaba. In zafi ne, rana ɗaya ke kan gidajen biyu. Me ya fid da na maƙwabciya?

Ita kanta ba ta sani ba, sai da aka bi aikinta daki-daki. Da farko, fangalinta yana gabas da katanga, ga bedi a gefe, tun kafin azahar inuwa ta rufe shi. Na Gwaggo yana yamma da katangar nan, shi ke karɓar ranar la'asar gaba ɗaya, katangar ma tana mayar masa da wadda ta sha. Na biyu, ita mai tuyar ƙosai ce, ba ta da safiya, sai bayan la'asar ta yafa nata ta ba shi ruwan da aka ɗebo daga rijiya a lokacin. Gwaggo da hantsi ta shuka, kamar yadda ta saba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin awowin farko bayan iri ya sha ruwa suna cikin mafi hatsari. Na maƙwabciya ya sha ruwansa ya shiga dare mai sanyi, ya samu tun daga magariba har hantsi yana aikinsa. Na Gwaggo ya sha ruwa ya faɗa azahar. Da zarar saiwa ta ɓullo kuwa, zafi ba ya mayar da ita ciki. Manyan manoman salati na kwarin Imferiyal a Amurka, masu shuka cikin zafin hamada, da wannan suke aiki: sukan kunna ruwan feshi da yamma don ƙasa ta huce iri ya sha cikin dare.

Na uku ya fi ban dariya. Saboda sauri, maƙwabciya ba ta rufe nata da ƙasa sosai ba, dannawa kawai ta yi da tafin hannu, ta ɗora tsohuwar zana kan ƴan sanduna don kaji. Gwaggo, mai tsafta a aiki, ta rufe nata da kyau don kada iska ta kwashe. Irin salati kuwa yana jin haske. Tun 1952 Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokan aikinsu a Beltsbil ta Amurka suka nuna da irin salati cewa jan haske yana tada shi, wani haske da ke can ƙarshen ja kuma yana mayar da shi barci, binciken da ya kai ga gano sinadarin da tsirrai ke gane haske da shi. Gwaggo ta ce ai a Nuwamba ma haka take rufewa, yana fita. Gaskiyarta. Cikin sanyi yawancin salati ba ya damuwa da duhu. Sai zafi ya ƙaru buƙatar hasken ke tsananta. Duhu kaɗai da bai hana shi ba; duhu da zafi tare suka rufe ƙofar.

Ni a ganina, wani kaso na wannan ruɗani daga takardun irin yake. Wanda aka shirya don Faransa ko Holan, lissafin watanninsa na can ne. Su a ƙarshen hunturu ƙasarsu sanyi gare ta ƙwarai, sai su shuka a ƴan faranti cikin ɗaki, bakin taga, don iri ya samu ɗumi kafin a fitar da shi waje. Mu a ƙarshen ɗari matsalarmu kishiyar tasu ce. In za mu shigar da iri ɗaki, sanyi za mu nema masa. Kuma na'urar sanyin tana kowane gida. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin randa yana tafiya da zafi sa'ad da yake bushewa, musamman a busasshiyar iska irin tamu. Da wannan hikima ce malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Da ragowar ƙullin maƙwabciya aka sake shuka. Aka kwantar da irin a tsumma gindin randa har bakinsa ya soma nuna fari, sannan aka yafa shi bayan la'asar, aka danna da hannu, aka barbaɗa yashi kaɗan, aka kafa rumfar kara mai tsawon gwiwa wadda haske ke ratsawa. Aka daina ba shi ruwan jarkar da ta wuni a rana. Ya fita. Ɗan tebur kuma bai taɓa sanin abin da ya tsallake ba.

Sai dai fita daban, kaiwa daban. Salatin da aka shuka a makare yana girma ne cikin zafin Afrilu, kuma zafi da tsawon yini suna tura shi ga yin kara. Ganye ya ƙanƙance, farin ruwansa ya yi yawa, ɗaci ya shigo. Gidan sun ci nasu a goman ƙarshe na azumi, ganye-ganye, ba su jira ya yi kai ba. Wanda ke son salatin bazara da gaske sai ya nemi nau'in da aka zaɓa don zafi, irin Maya da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta yaɗa. Cibiyar nan ce ma ta tace wata kuɓewa daga irin manoman Nijar aka sa mata suna Ƙonni. Wanda kuma bai samu ba, ƙarshen ɗari lokacin kuɓewa ne da rama da yakuwa da alayyafo da zogale.

Gwaggo ba ta tuge fangalin duka ba. Waɗanda suka riga yin kara ta ba awaki, ta bar ƴan tsirarun da suka fi jinkiri su yi fure. Salati kansa yake yi wa barbara, don haka ɗa yakan biyo uwa, kuma an lura cewa irin da ya nuna cikin zafi ya fi jure zafi ranar da za a shuka shi. Da furen ya yi farin gashi ta kakkaɓe shi a ƙwarya, ta shanya a inuwa, ta zuba a kwalba mai murfi tare da busasshiyar toka. Sabon irin albasar da ɗanta ya kawo daga Galmi ma haka ta yi masa. Kwalaben biyu suna ɗakin soro na ƙasa, ba na kwano ba, kuma jikanyar ta rubuta wata da shekara a jikin kowace.